Zan Tsere Da Ke

Ranar kasuwar Gummi ce, damina ta fara ja da baya. Zaliha ta tsaya a bakin wata 'yar rumfa, rungume da rediyon babanta cikin mayafi kamar mai ɗauke da jinjiri. Mai rumfar wani siririn saurayi ne, gabansa tulin batura da tsofaffin rediyoyi. Ta yi sallama can ƙasa-ƙasa, sai da ta maimaita kafin ya ji.

"Baba ya ce ta daina magana."

Ya kwance bayan rediyon, sai ga tururuwa suna ta fitowa kamar an tashi kasuwa.

"To ai ga masu gidan nan," in ji shi. "Kada ki raina su. Ko kin san akwai tururuwa masu kiwo?"

Ta girgiza kai, idonta a ƙasa.

"Wallahi kamar Fulani. Akwai wasu ƙananan ƙwari da suke tsaro a jikin ganye, su shafa su, su tatsi ruwa mai zaƙi. Gara kuwa manomiya ce, a cikin suri take da gonarta."

"Har sharo suna yi?"

Maganar ta kuɓuce mata ne, ba ta shirya ba. Saurayin ya yi dariya har sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sunansa Nuraddeen, mutumin Nasarawa Burkullu. Duk ranar kasuwa yake zuwa Gummi a kan babur. Ba shi da aboki kamar rediyo, duk abin mamakin da ya ji sai ya adana shi a ka, ya yi ta neman wanda zai ba. Mutane na ce masa sarkin surutu. A ranar ya sami mai saurare.

Ba a yi wata guda ba ya aiko ƙanin mahaifinsa neman izinin zance. Malam Namadi, mahaifin Zaliha, manomin shinkafa ne a fadama, mutum mai kaifi ɗaya. Ya yarda, amma da ƙyar.

"Yaron da ba ya da aiki sai labarin taurari," ya ce wa matarsa, "da mi zai cida iyali? Da Zara da wata?"

Da Inna ya yi maganar, don shi da Zaliha ba sa doguwar magana. 'Yar fari ce. Tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ita ma daga gaisuwa sai ajiye kwanon tuwo, ta juya.

Inna tana da 'yar waya da ƙaninta ya aiko mata daga Sakkwato. Ba ta karatun boko, don haka Zaliha ce mai riƙe da ita, ita da ta tsaya a aji huɗu, tana bin harafi da yatsa. A garin su Nura babu sabis sai ya hau tudun bayan gari. Kullum bayan la'asar sai ya hau.

"Zarata, ko kin san Zara ba tauraruwa ba ce? Duniya ce kamar tamu, kuma yini ɗaya a can ya fi shekararta tsawo. Haka nake jin ranar da ba kasuwa."

Zaliha ta daɗe tana haɗa amsa.

"Malam Ko-kin-sani, to ka koma can da zama mana."

"Ba zan iya ba, Zarata. Hanyar can babu iska, kuma inda babu iska sauti ba ya tafiya. Ko kalangu aka buga a bakin kunnena ba zan ji ba. Ga shi muryarki dama sai an kasa kunne."

Duk saƙon da ta karanta sai ta goge, nata da nasa, don kunya. Wata Laraba ya aiko da wanda ya sa ta dariya har Inna ta leƙo ɗaki.

"Yau na ji wani wasa a ƙasar Turawa da ake kira Finland. Maza ne ke gasar tsere, kowa ɗauke da matarsa a kafaɗa, su ratsa ruwa da yashi. Wallahi ba ƙarya nake ba."

"To ni ina da nauyi. Amma in kai ne, na yarda ka ɗauke ni."

Tana turawa ta ji kunyar kanta, ta goge da sauri. Sai ga amsarsa.

"Shi ke nan, Zarata. Ki shirya. Zan ɗauke ki in tsere da ke, babu mai cim mana a duk ƙasar Gummi."

Wannan kam ta kasa gogewa. Ta goge na Finland, ta bar shi shi kaɗai, tana buɗewa tana murmushi. Da ƙawarta Habsu ta zo kitso, zuciya ta ɗebe ta, ta nuna mata.

"Iye! Su Zaliha an iya soyayya," in ji Habsu, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Zaliha ta manta da abu ɗaya. Yayan Habsu, Maikuɗi mai sayen shinkafa, ya daɗe yana aiko mata da turare tana mayarwa.

Kwana biyu bayan nan Malam Namadi ya dawo daga fadama tun rana ba ta yi sanyi ba, Maikuɗi na tsaye a zaure. Baba ya karɓi wayar daga hannun Inna ya fita da ita. Daga tsakar gida Zaliha tana jin Maikuɗi yana karanta saƙon da ƙarfi, yana jan kalmar "tsere" kamar mai jan igiya.

Malam Namadi ya shigo. Bai dube ta ba, bangon ɗaki ya duba.

"Ke. Kin san da wanga zance?"

Bayani kaɗan ne: wasa ne, Baba, wasan Turawa ne. Amma in ta faɗi haka, sai ta faɗi abin da ita ta rubuta. A gaban Baba? Ta buɗe baki, harshe ya yi nauyi.

"Da ke nike magana. Da saninki?"

"A'a," ta ce.

Kalmar ke nan, ƙarama kamar ƙwayar gero.

Ranar kasuwa Malam Namadi ya tsaya a bakin rumfar Nura, ya ɗaga murya har masu kifi suka baro tirensu. Ya kira shi ɓarawon ɗiyan mutane. Nura ya yi rantsuwa cewa gasa yake nufi, irin ta gudu, wadda ake yi a wata ƙasa da mata a kafaɗa. Kasuwa ta kwashe da dariya.

"Ku ji wata sabuwa!" in ji Maikuɗi. "An kama shi, ya ce Turawa ne."

Kafin azahar mai unguwa ya aiko a ce masa ya tattara kayansa, kada a sake ganinsa a Gummi.

Zaliha ta daina cin abinci sai an matsa mata. Baba ya kulle wayar a akwatinsa. Rediyon da Nura ya gyara tana nan tana magana ras a gindin darbejiya, duk lokacin da aka kunna sai ta ji kamar da ita ake. A sallah ta kan yi sujada ta kasa ɗagowa. Wa za ta ce ya cuce ta? Habsu? Ita ta miƙa mata wayar da hannunta. Maikuɗi ya sake aiko da turare, har da atamfa, ta ce a mayar, ko buɗewa ba ta yi ba.

Wata safiya suna sussukar dawa, Inna ta ce, ba tare da ta daina aiki ba:

"An ce mai unguwa ya ce ma yaron nan, in gaskiya garai, ya kawo wayarshi a duba abin da kika amsa mai."

Taɓarya ta tsaya a hannun Zaliha.

"Ya ce ba ki taɓa amsa mai ba ko sau guda. Ya ce shi kaɗai ka haukanshi." Inna ta ɗago ta dube ta. "Ni kuwa na san dariyar da nike ji daga ɗakin can ba ta mutum guda ba ce."

Zaliha ta durƙusa a gindin turmi ta fashe da kuka. Nura ba ya goge saƙonta, ya sha gaya mata. Yana da abin da zai wanke kansa a aljihunsa, ya zaɓi a kira shi ɓarawo.

"Inna, ki gaya ma Baba."

"A'a. Bakin da ya ɗaura shi ka kwancewa."

An shiga yankan shinkafa. Ranar nan Zaliha ta karɓi kwanon abincin Baba ta nufi fadama da kanta. Ta wuce masu kamun kifi a bakin gulbi, ta wuce 'yan ƙwadago suna waƙar yanka. Ta same shi shi kaɗai a inuwar dami yana wasa lauje. Ta ajiye kwanon. Maimakon ta tafi, sai ta durƙusa ta juya masa baya, ta fuskanci gulbi.

"Baba, na yi ƙarya."

Ƙarar wasa lauje ta tsaya.

Ta faɗa masa duka: labarin gasar, da yadda ta goge na farko ta bar na ƙarshe, da yadda ta nuna wa Habsu. Da ta zo kan abin da ita ta rubuta sai numfashi ya ƙare mata. Ta runtse ido ta faɗe shi, kalma bayan kalma.

Ta ji ya ajiye laujen a ƙasa.

"Da matansu a kahwaɗa?" in ji Malam Namadi.

"I, Baba."

"Manyan mutane, masu gemu?"

"Haka ya ce."

"Su waɗanga ba su da gona ne?" Ya yi tsaki. Sai kuma muryarsa ta sauka. "Kuma yaron yana da maganar taki cikin wayarshi, sa'adda nike zaginai gaban jama'a?"

"Yana da ita."

Ta ji ya ja dogon numfashi, ya yi istigfari.

"Kin sa na ci mutuncin ɗan mutane. Amma ni ma na ji daga bakin mai so, ban bincika ba. Tashi ki tai gida."

Washegari da sassafe Malam Namadi ya sa babbar rigarsa, ya hau bayan ɗan acaɓa, suka kama hanyar Nasarawa Burkullu, hanyar da damina ta cinye rabinta. Bai dawo ba sai magariba, rigar duk jar ƙasa. Ya buɗe akwati ya miƙa wa Inna wayarta.

Zaliha ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge.

"Nura, ni ce na ce a'a. Ni na ja maka. Ka yafe mini don Allah."

Amsa ba ta zo ba sai washegari bayan la'asar.

"Na ji ciwo, Zarata, ba zan ɓoye miki ba. Na yi sati uku ko rediyo ban kunna ba. Amma jiya dattijo kamar babanki ya cire takalmi a zaurenmu ya ba ni haƙuri, ya ce ke kika same shi har fadama. Na san abin da wannan ya ci miki. Na yafe duniya da lahira."

Ranar kasuwa ta gaba, Malam Namadi da kansa ya riƙo hannun Nura ya kawo shi rumfarsa. Ya tsaya daidai inda ya tsaya a da, ya ɗaga murya daidai yadda ya ɗaga a da.

"Jama'a, abin da na hwaɗi kan wanga yaro ba haka ba ne. Na janye, ku shaida. Kuma na ba shi ɗiyata."

Maikuɗi ya sulale ta bayan masu tattasai.

Bayan an kai shinkafa rumbu aka ɗaura aure. Mutanen Nasarawa Burkullu suka zo mota biyu, 'yan uwa suka zo daga Anka da Bukkuyum, makaɗa suka cika ƙofar gida. Habsu ma ta zo, ta tsaya daga nesa, sai da Zaliha ta aika aka jawo ta cikin ƙawaye.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta lulluɓe, tana kuka. Aka shigo da ango ya durƙusa a gefe. Kowa na jiran a ce masa ga amana nan, kamar yadda aka saba.

"Kai ba ni da abin ce maka," in ji Malam Namadi. "Wanda ya rufa ma mace asiri tun ba ta zama tashi ba, ba a koya mai riƙon amana." Ya juya wajen lulluɓin. "Ke ce zan ba amana. Ga ya nan. Ki riƙe shi da gaskiya, ko da ta yi miki nauyi a baki."

Daga cikin mayafi, a gaban kowa, murya ta fito sarai.

"Na karɓa, Baba."

Inna ta rangaɗa guɗa tana share hawaye, mata suka amsa. Dattijai suka ɗaga hannu: Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a mai albarka, Ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba. Aka shafa, aka kama hannun amarya zuwa mota.