Ƙafar Baya ta Hagu

Ku matso, ƙannena. Sagir, kife wayar nan, ba na magana ana latse-latse. Kun daɗe kuna tambayar abin da ya sami ƙafata. Yau za ku ji, ku faɗa min in ba zalunci aka yi min ba.

Ranar Laraba ce, rana tsaka. Ina dawowa ta titin bayan tsohuwar majema, cikin 'yar motar da na mallaka bayan shekara talatin da biyar ina koyar da Hausa. Titin fayau, ko akuya babu. Ina shan kwana sai ƙafar motar ta baya ta daki dakalin bakin titi. Gaf! Na kuma ji wani ɗan sauti, kamar kukan jaririyar mage. Ban sauka ba. Ko bismilla ban yi ba.

Daga nan mota ta ƙi miƙewa. Sitiyari na kallon dama, ita tana jan hagu, tana tafe a karkace kamar ƙaguwa. Bayanta na ƙwanƙwasa.

Gaba kaɗan sai ga rumfar kwano. Na sha bin titin nan, ban taɓa ganinta ba. Wani dogon mutum na zaune ciki, da ƙullin zare a hannu.

"Malam, ka bugi wani abu," in ji shi. Muryar kamar daga cikin randa.

"Dakali na buga. Duba min."

"Dakali," ya maimaita.

Aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya danna bayan motar ya saki, ta yi ta rawa. Ya ce shokazoba, abin da ke hana mota tsalle, ya zubar da mai. Ya ɗaura zare daga ƙafar gaba zuwa ta baya, ya ja shi tamau. A dama zaren ya kwanta daidai. A hagu, tazarar yatsa uku.

"Ta juya ciki. Ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe."

Ya shige ƙarƙashin mota a rigingine. Fuskarsa na kallon sama. Amma yatsun ƙafarsa, Mansura, ƙasa suke kallo. Na gani. Na ce wa kaina rana ce ta kashe min ido.

"Ina da wata," ya ce daga ƙasa. "Ka yarda a musanya, taya da taya?"

Kun san ni, ba na barin kuskure ya wuce ta gabana.

"Taya kalmar aro ce," na ce. "Bahaushe ƙafar mota yake cewa. Gyara."

Sai ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"To, Malam. Ƙafa da ƙafa?"

"Yanzu ka yi magana."

"Ta hagu?"

"Ta hagu mana."

"Ɗana ne ke zaune a dakalin nan yana wasa," in ji shi. "Ta hagunsa ka murƙushe. Ko waiwaye ba ka yi ba."

Sai na ji zaren ya naɗe idon sawuna, sanyi ƙalau. Ƙas!

Da na farfaɗo, babu rumfa, babu mutum. Mota tsaye sambal kamar yau aka ƙera ta. Ƙafata kuwa ga ta kuna gani, ta tsuke kamar ta yaro, ta juya ciki yatsa uku. Asibiti sun ɗauki hoto sun ce ƙashi lafiya lau. Mai ɗori ya taɓa ta sau ɗaya, ya ce in fita masa daga zaure.

To ina adalci a nan? Wa ya ajiye yaro a hanyar jama'a, yaron da ido ba ya gani? Ko ɗalibi ba a yi masa bulala sai an ji ta bakinsa. Sau bakwai na koma na tsaya a kwanar nan da sandata, na ce a fito a yi shari'a. A na bakwai na ji gudun yaro yana dariya, yana kewaya ni. Na dubi ƙasa. Sawu biyu, ɗaya ƙarami, ɗaya babba. Babban na san shi, har da tsagar diddigena.

Muryar ta zo daidai kunnena.

"Ba su yi daidai ba, Malam. Yana faɗuwa. Kawo ɗayar."

Saboda haka kada wanda ya bi titin nan shi kaɗai rana tsaka. In kun bugi abu, ko dutse ne, ku sauka ku ce sannu. Ni dai Laraba zan koma, don ƙafata ce, ban bar musu ba.