Tarwada Masu Shaidar Shanu

Sufeto Lurwanu yana tsaka da kunun safe a komisariyar 'yan sanda ta Tasawa sai ga Ilham, ɗaliba mai nazarin cututtukan kifi, ta shigo a birkice.

"An sace mani tarwada sha biyu a garin Maijirgi. Wata shida ina gwada masu maganin gyambo. Jibi malamaina za su zo dubawa, in babu su shekarata ta tashi a banza."

Sufeto dai bai taɓa bin sawun kifi ba, amma tausayi ya ɗora shi kan babur.

Kwamin kifin da take gwajin a ciki na Gidaɗo ne, wani tsohon makiyayi. Ruwan ya yi shuɗi kamar na marina.

"Magani ne," in ji Ilham. "Sai ya kwana uku a hannu bai fita ba."

Sawun amalanke ya kai su, har da Gidaɗo, gidan maƙwabci, Mati, shi ma mai kiwon kifi. Sun same shi hannuwa cikin aljihu.

"Fiddo su mu gaisa," in ji Sufeto.

Shuɗi har gwiwar hannu.

"Rini na yi," in ji Mati.

"Manyan kifin nan na cikin kwaminka fa?"

"Daga Maradi na sayo. Wa ya rubuta wa tarwada suna?"

Sufeto ya ga maganar da ƙamshin gaskiya. Sai Gidaɗo ya tuntsire da dariya, ya kamfato ɗaya, ya nuna tsaga biyu a jelarta.

"Shaidar kunnen shanun gidanmu ce. Dabba ba ta kwana wurina babu shaida."

Ilham ta dafe kai. "Baffa, ashe kai ne? Ni ina ta rubuta cewa cuta ke cin jelar!"

Aka tsamo sha biyu cif, fata sumul, babu gyambo ko ɗaya. Ilham har da ƙwallar murna.

Mati ya sunkuyar da kai. "Nawa kifin ne ke ta mutuwa. Na ga cuta na yaɗuwa, na ce in na haɗa su da waɗanda suka warke, lafiya ma za ta yaɗu."

"Da ka tambaya, Malam Mati, kyauta zan duba maka," in ji Ilham. "Yau ma zan fara."

Sufeto ya tasa ƙeyarsa yana danne dariya. A bakin ƙofa Mati ya waigo.

"Gidaɗo, ga amanar kifina, ka riƙa ba su abinci sau biyu a rana. Amma don Allah kar ka tsaga masu jela."