Guntun Gilashi daga Hanyar Agoè

Lukuman yana da ɗan shago a Zongo, inda matan kasuwar Assigamé ke kawo masa zobba da 'yan kunne ya ɗauke su hoto da waya don talla. Ranar nan bayan isha'i yana shirin rufewa, sai wata mace ta shigo ba sallama. Mayafinta a jiƙe yake, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba.

"Bonsuwar, Hajiya," ya gaishe ta da Faransanci. "Mun tashi, sai gobe."

"Abu ɗaya ne," ta ce, muryarta kamar da yashi a maƙogwaro.

Ta buɗe tafin hannunta. Ɗan guntun gilashi ne, bai kai farce ba. Lukuman ya kara wayar.

"Matso da ita sosai," in ji matar.

Hoton ya yi dishi-dishi, sannan ya washe. Ga busasshen jini a bakin gilashin, ga silin gashi manne da shi. Na fitilar babur ne, irin wadda Lukuman ya fasa bara a hanyar Agoè, daren da ya banke mutum cikin ruwan sama ya ƙara wuta bai waiwaya ba. A fuskar wayar, gilashin yana tsaye a iska, babu hannu a ƙarƙashinsa.

Ya kasa ɗaga kai. Ya ji ƙofar shagon ta rufe a hankali.

"Daga goshina na ciro shi," ta ce dab da kunnensa. "Ran nan sauri kake yi, ba ka dube ni ba. Yanzu ɗago."