Koriyar Igiyar Fayil

Ranar Talata ce, ana dab da la'asar. Auta tana gaban teburin falo tana duba littattafan 'yan ajinta da jar tawada, Mama kuwa tana bakin taga tana goge fararen rigunan da Baba ke zuwa ofis da su. Saura sati biyar a ɗaura auren Auta da wani saurayi mai jera haruffa a madaba'a, wanda duk gidan ke kira Ɗan Madaba'a.

"Malama," in ji Mama, "wannan murmushin na lissafin yara ne, ko na mai baƙin yatsu?"

"Kai, Mama! Tawada ce fa, tana fita da sabulu."

"Allah ya sa. Ni dai kar ya taɓa mini labule."

Suna cikin dariya aka turo ƙofa. Baba ne. Shekara ashirin da shida yana aikin tafinta a ofishin Baturen mulki, bai taɓa dawowa gida kafin ƙarfe biyar ba. Sallamarsa ma da ƙyar ta fito. Bai zauna ba, sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu ya ajiye a kan littafin da Auta ke dubawa. Wata 'yar koriyar igiya ce, tsawonta bai wuce yatsa ba, da ɗan ƙarfe a kowane baki, irin wadda ake ɗaure takardun fayil da ita a ofishin gwamnati.

"Kin san wannan?"

Auta ta dubi igiyar. "Irin na gwangwaninka ne, Baba."

"Irin na gwangwanina." Ya gyaɗa kai. Ya saba tsince tsofaffin igiyoyin da aka yar a ofis, ya tara a wani gwangwani a gida don ɗaure takardunsa. "Yau da safe 'yan sanda suka bincike madaba'a. Sun kwaso waƙoƙin zagin gwamnati, kwafi arba'in, rubutun hannu. Kowane an ja masa jan layi a gefe da rula, an huda kusurwarsa, an ɗaure da igiyar ofishinmu. Bature ya zube su a gabana ya ce, a garin nan kaf ofishinsa kaɗai ke da irin wannan igiya, saboda haka akwai munafuki a cikinmu. Ya ba ni zuwa Juma'a in kawo masa suna."

Mama ta ajiye dutsen guga. "Inna lillahi! To ina ruwan Auta da—"

"Ni na koya mata riƙon alƙalami! Ni na koya mata jan layi! Ko a cikin duhu na ga rubutun nan zan gane shi!"

Auta ta durƙusa. Ba ta musa ba. Ta ce Ɗan Madaba'a ne ya rubuta waƙoƙin, mai madaba'ar ya ji tsoro ya ƙi bugawa, ita kuma ta ɗauki nauyin kwafewa, wata uku tana yi bayan ta tashi daga makaranta. Shafukan suna ta watsewa, ta kasa ganinsu haka, shi ya sa ta ɗaure.

"Wallahi Baba ban kawo komai a raina ba. So nake su fita tsaf, kamar yadda ka koya mini."

"Sun kuwa fita tsaf." Ya zaro takarda ɗaya daga aljihun riga, ya karanta da muryarsa ta aiki, wadda ba ta hawa ba ta sauka:

"Ƙasa tamu, noma namu, rumbu na wani,
Gumi namu, rana tamu, inuwa ta wani,
Mu yi karatu har mu mance da kakanni,
Mai harshe biyu ya ba da su haya ga wani."

Ya sauke takardar. "Mai harshe biyu. Mu nawa ne a garin nan? Da harshen hayar na ciyar da ke, da shi kika yi makarantar da har ake ce miki Malama. Sannan ki zauna a kan teburina ki rubuta zagina sau arba'in!"

"Baba, ba da kai yake ba..."

"Rufe mini baki! Aure dai na fasa. Ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya."

Auta ta kifa kai a ƙafar kujera tana kuka. Mama ta bi Baba ɗaki tana cewa, "Malam, a bi a hankali mana," amma ya mayar da ƙofa ya rufe.

Washegari da hantsi Ɗan Madaba'a ya yi sallama. Lokacin da aka yi binciken yana tashar jirgin ƙasa wajen karɓo takardun da madaba'a ke bugu a kai, shi ya sa ba a same shi ba. Baba, wanda ya aika ofis cewa ba ya jin daɗi, ya bar shi a tsaye a falo. Auta da Mama suna bayan labule.

"Akwai jirgin yamma," in ji Baba. "Ka shiga, ka tafi inda ba a san ka ba. Ni ban gan ka ba. Ita kuma ka cire ta a ranka."

Saurayin ya durƙusa, ya ɗora hannuwansa masu baƙin tawada a gwiwa. "Baba, idan na gudu, igiyar nan ku za ta nuna, rubutun kuma Malama. Marubucin suke nema. In sun same shi za su ƙyale saura."

"Wato in kai ka da hannuna, gari ya ce na sayar da surukina?"

"A'a. Ni zan kai kaina, yanzu daga nan."

Auta ta banko labule. "Ba ka isa ba! Hannuna ne a takardun, ni ma zan je in faɗa!"

"Malama, ki yi wa Allah. Idan kika buɗe baki, an kori Baba ba fensho, an kore ki, ni kuma ba a fasa ɗaure ni ba. Me muka ci? Ki yi mini alkawari za ki yi shiru."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba, kafin ta gyaɗa kai.

Baba ya yi gyaran murya. Fushinsa ya ɗan sauka, ko da yake bai so a gane ba. "Ni zan fassara a kotu. Joji ba ya jin ko 'zo' da harshenmu. Zan iya cewa kukan manomi ne a kan ƙarancin ruwan sama. Wata uku, ka fito."

"Na gode, Baba. Amma ina roƙonku, ku faɗa masa yadda na rubuta. Shekara nawa muna magana ana sassauta ta kafin ta isa kunnensu? Sau ɗaya dai su ji ta yadda take. Kuma in wani ya gano kun rage, ku za a kama."

"Ka ji girman kai!" Baba ya miƙe. "Ina miƙa maka hannu kana karanta mini darasi? To je ka! Amma ka sani, daga kurkuku ba gidan nan za ka nufo ba."

Saurayin ya gaida Mama, ya kalli Auta sau ɗaya, ya fita.

Ranar shari'a kotu ta cika har taga. Auta da Mama suna bencin ƙarshe. Baba yana tsaye tsakanin Joji da akwatin mai laifi, cikin farar rigarsa, takarda a hannu. Aka ce wanda ake tuhuma ya karanta, tafinta ya fassara. Baiti bayan baiti Baba yana juyawa zuwa Turanci, bai ƙara ba bai rage ba. Da aka zo kan mai harshe biyu sai ya tsaya. Fanka tana juyawa a sama, ba wanda ya yi tari.

"Ci gaba," in ji Joji.

Baba ya faɗe shi yadda yake. Wani akawu ya sunkuyar da kai. Saurayin ya wuce zuwa baiti na gaba:

"Ina mafarkin ranar da ƙofa ɗaya ce,
Baƙi da fari kowa ya bi ta nan ya wuce,
Ɗana ya yi karatu da harshen uwa tasa,
Ya san shi ɗa ne, ba baƙo ba, a ƙasa tasa."

A nan ne muryar Baba, wadda ba a taɓa jin ta karye ba, ta ɗan yi rawa. Shekarunsa duka a ofis ta ƙofar baya yake shiga.

Joji ya ɗaga koriyar igiya. Wa ya ba shi? Saurayin ya ce ba ma'aikacin ofis ba ne. Rubutun hannun wa? Ya ce waƙa tasa ce, hannun da ya kwafe kuwa shi ya roƙa, ba zai faɗi suna ba. Joji ya ce in bai faɗa ba zai ƙara masa wata shida. Auta ta yunƙura za ta tashi. Mama ta damƙe mata wuyan hannu har farce ya shiga.

"Alkawari kika yi," ta raɗa mata. "Zauna!"

Joji ya yanke hukunci da Turanci, kuma aikin tafinta ne ya sanar da mai laifi. Baba ya juya ya fuskanci yaron.

"An ɗaure ka shekara biyu saboda waƙa. Da wata shida saboda... saboda ka ƙi faɗin suna."

"Na ji, Baba. Na gode."

Bature bai sake tayar da maganar igiya ba. A gida kuwa Baba ya hana a ambaci Ɗan Madaba'a. Auta ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma ɗaure masa fuska ba. Tana zuwa makarantarta, ta dawo ta karɓi guga daga hannun Mama. Masu nema suka yi ta zuwa, har da wani akawu mai babur. Duk wanda Baba ya kawo mata zancensa, amsarta ɗaya ce.

"Baba, ba zan auri wanda ba ka so ba. Amma ina roƙon ka bar ni in jira."

"Ki jira me? Na riga na faɗa!"

"Ko ba komai, in jira."

Akan bar fursuna ya rubuta wasiƙa ɗaya a wata, amma ba ta fita sai tafinta ya karanta ya buga mata hatimi. Saboda haka duk abin da saurayin ya rubuto wa Auta, Baba ne ke fara gani. Yana da ikon ya yaga, ba mai tambayarsa. Bai taɓa yagawa ba. Ƙarshen kowane wata yakan ajiye ta a kan teburi, a buɗe, ya wuce ɗaki. Saurayin ya san wa ke karantawa. Kowace wasiƙa da gaisuwar Baba da Mama take farawa, kuma ko sau ɗaya bai yi kuka da kowa ba. Yana ba da labarin fasa dutse, da fursunonin da yake koya wa karatu da gawayi a bango, ya rufe da 'yan baitoci ga Malama.

A wata na ashirin, Baba ya ajiye wasiƙa amma bai wuce ba.

"Baiti na uku ya karye," ya ce, yana kallon bango. "Ki gaya masa. Mutum ya yi kurkuku a kan waƙa kuma ya kasa auna ta."

Mama ta toshe baki da gefen mayafi, ta fice tsakar gida.

Ran da wa'adi ya cika, Baba ya yi shirin ofis kamar kullum ya fita. Auta ta kasa zuwa makaranta. Ta share falo sau biyu, ta zauna, ta tashi. Ba ta da izinin zuwa ƙofar kurkuku, ba ta kuma roƙa ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ji ƙarar keke, da takun mutum biyu.

Baba ya shigo, bayansa wani ramamme da askakken kai, ya toge a bakin ƙofa.

"Shigo mana! Ko sai an kawo maka sammaci?"

Ya shigo ya durƙusa. Ɗan Madaba'a ne. Mama tana ta "Alhamdu lillahi" tana share ido, tana cewa, "Dubi wuya kamar mariƙin ludayi! Ba sa ba ku abinci ne?"

Baba ya zauna, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.

"Wasiƙa talatin na karanta ina neman inda za ka zage ni, ban samu ba. Ke kuma wata talatin ina jira ki saɓa mini, ba ki saɓa ba. Kun gajiyar da ni." Ya mayar da tabarau. "Rayuwata duka maganar wasu nake faɗa. Yau tawa ce, ba wanda ya sa ni. Na ba ka ita."

Auta ta faɗa jikin Mama tana kuka, wannan karon har da dariya a ciki.

Sati uku bayan nan aka ɗaura auren. Mulkin baƙi bai ƙare a shekarar ba, sai da aka ƙara jira, kuma da wannan haƙurin suka jira shi.

Ya ku matasa, son 'yanci abu ne mai kyau, son juna ma haka, amma kowannensu yana da tsada. Saurayin nan ya tsaya a kan gaskiyarsa bai jefa kowa a wuta ba, yarinyar kuma ta riƙe soyayyarta ba ta taka mahaifinta ba. Abin da gardama da gudu ba za su ba su ba, haƙuri da ladabi suka kawo musu har cikin falo.