Injin Wankin Fauziyya

Saura sati uku bikin Fauziyya, gidan Alhaji Sha'aibu mai motocin haya da ke Kaura Namoda ya cika da kwalaye. Hajiya Larai, uwar amarya, tana tsakar gida tana ware tukwane da kwanuka, amma hankalinta na zaure, inda aka ajiye wani babban injin wanki fari ƙal mai ƙofar gilashi. Da gangan ta sa aka bar shi a can, don duk matar da za ta shigo sai ta tsaya ta shafa shi ta tambayi wanda ya kawo.

Shamsuddeen ne ya kawo, yayan Fauziyya, wanda ke fataucin kaya daga bakin iyaka ta hanyar Jangeru da Shinkafi. Ya ce sabo ne dal daga ƙasar waje, shi ke jan ruwa da kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Fauziyya ta ɗauki hotonsa ta kowane gefe ta tura wa ƙawayenta, har ta rubuta musu cewa ita da wankin hannu an yi sallama.

Wanda za ta aura sunansa Muhtari, mutumin Zurmi ne, aikinsa gyaran wuta da haɗa sola. Shekara shida ya yi yana koyon aiki a shagon wani mai sayar da kayan lantarki a Kaura, Wilfred, kuma a shagon nan ya fara ganin Fauziyya ranar da ta kawo dutsen guga gyara. Ba shi da yawan magana, amma shekara biyu da suka yi tare bai taɓa saɓa mata alkawari ba. Yakan zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya juya kafin rana ta yi sanyi, saboda hanyar Zurmi ba a bin ta da yamma.

Ranar nan da ya zo, ko gaisawa ba su gama ba ta yaye zanen da aka lulluɓe injin da shi, ta tsaya tana jiran yabo. Muhtari ya yi murmushi, ya ce Allah ya sanya alheri. Sai dai mai sana'a ba ya iya kawar da ido. Ya zagaya bayan injin, ya tsugunna ya karanta ɗan ƙarfen da ke manne a jiki, ya ja wayar ya duba, ya leƙa ta ƙasa. Da ya miƙe, fuskarsa ta sauya.

"Fauziyya, kada ki ji haushi," ya ce a hankali. "Wanga inji an yi aiki da shi, kuma ba don irin wutarmu anka yi shi ba. Tamu ta ninka ta ƙasar da anka yi shi ƙarfi. Wani ya cusa mashi ɗan taransifoma ciki, ya naɗe wayoyin da salatif. In ruwa ya taɓa wurin, jikin injin duka wuta ne. Don Allah kada kowa ya jona shi."

Ya ƙara da cewa ko lafiyarsa lau, irin wannan sai gidan da famfo ke zuwa da ƙarfi, su kuwa a Zurmi ruwan 'yan ga-ruwa suke saye. Ya ce ta bari zai sami Yaya Shamsuddeen su yi magana su biyu, a canja shi ba tare da kowa ya ji ba.

Fauziyya ba ta ji rabin bayanin ba. Abin da ke mata yawo a kai shi ne hotunan da ta riga ta tura. Ta ce masa ashe tun ba a ɗaura ba har ya fara yi wa kayan ɗakinta binciken kwastan. Ya ba ta haƙuri, ta juya ta shige gida ta bar shi a tsaye.

Da Hajiya ta ga ta shigo da hawaye ta tambaye ta abin da ya faru. A nan ne Fauziyya ta faɗi maganar da ta daɗe tana da-na-saninta.

"Cewa ya yi bola kunka kwaso mani, wai gidanmu ba a san kayan kirki ba."

Muhtari bai faɗi haka ba, ita ma ta sani. Amma maganar ta riga ta fita, ta kuma sami wurin zama. Hajiya ta ce tunda take ba ta taɓa jin saurayin da ya zo yana tsugunno bayan kayan ɗakin amarya ba. Shamsuddeen ya yi ta faɗa, ya ce shi aka zaga. Da Alhaji ya dawo daga tasha aka faɗa masa, bai yi hayaniya ba, ya dai aika Zurmi cewa a dakatar da maganar biki sai ya yi tunani.

Muhtari ya yi ta kiran wayarta ba ta ɗauka. Ba fushi ne ya hana ta ba, ba ta san da bakin da za ta yi masa magana ba ne. A ƙarshe ya turo saƙo guda: ko me za a yanke a kansa ya amince, amma kada a jona injin nan.

Kwana huɗu bayan haka baffansa Malam Nuhu ya zo ba da haƙuri. Fauziyya na bayan labule tana saurare, tana jiran a ce yaron ya musanta. Sai ta ji tsohon yana gaya wa Alhaji cewa ya tsare Muhtari ya tambaye shi ko da gaske ya faɗi maganar, shi kuwa abin da ya ce kawai shi ne a je a ba su haƙuri, laifin nasa ne. Ta koma ɗaki ta kifa kanta a kan katifa. Da ya ƙaryata ta, da ta sami abin jin haushi. Wannan rufin asirin da ya yi mata shi ya fi komai ƙona mata rai. Sau uku tana zuwa ƙofar ɗakin Hajiya don ta faɗi gaskiya, sau uku tana komawa.

Magana kuwa ta fita unguwa. Wasu mata suka fara raɗe-raɗin cewa wataƙila yaron ya ga wani abu ne, ai aikinsa ne. Wannan ya fi komai yi wa Hajiya Larai ciwo, ta ce sai ta kunna injin a gaban idonsu. Shamsuddeen ya ce a bari tukuna, da ta matsa sai ya ce yana da tafiya Shinkafi, ya fice da sassafe.

Da hantsi aka shigo da injin tsakar gida, aka ta da janareto. Maƙwabta biyar suna zaune a kan tabarma. Tunda ba famfon da za a haɗa, Hajiya ta riƙa zuba ruwa da bokiti ta wurin sa omo, ruwan yana malala ƙasa har ƙafafunta, ga ta ba takalmi. Fauziyya na tsaye a bakin madafa. Ta buɗe baki ta ce, "Hajiya, da dai an bari," amma muryar ba ta fita sosai ba, kuma ba wanda ya kula ta.

Injin ya yi ƙara, ya fara juyi, matan suka fara barka. Hajiya ta dafa samansa da hannun dama tana dariya. Dariyar ba ta ƙare ba jikinta ya sandare, hannun ya manne, idanunta suka juye. Matan suka watse suna salati. Fauziyya ce ta ruga ta kashe janareton, Hajiya ta zube a cikin ruwa, wani ƙauri ya cika gidan.

A asibiti aka ce Allah ya yi da sauran kwana. Tafin hannunta ya ƙone, ta kuma bugu a kafaɗa, amma ta farfaɗo. Alhaji na zaune a kan benci a baranda Fauziyya ta zo ta durƙusa a gabansa, ba ta iya ɗaga kai ba.

"Baba, ƙarya na yi mashi. Bai ce bola ba, bai zagi kowa ba. Cewa ya yi kada a jona, za shi kama mutum. Ni ce na ji kunyar ƙawayena na juya maganar. Ni na ja wa Hajiya wanga abu."

Alhaji ya daɗe yana kallonta. Bai daka mata tsawa ba, ya ce kawai ta tashi ta koma wurin uwarta. Da ya mare ta da ta fi samun sauƙi.

Shamsuddeen ya iso bayan azahar, hankali a tashe. Ganin hannun mahaifiyarsa a naɗe ya sa shi ma ya kasa riƙe tasa gaskiyar. Ya ce a wurin wani mai tsofaffin kaya ya sayi injin, mutumin ya sa masa a sabon kwali ya ce sabo ne, shi kuma bai ce a gwada ba, bai ma karanta komai a jiki ba, kyan injin ne ya ɗauke masa hankali. Tun a hanya ya fara zargin ba sabo ba ne, amma da ya ga yadda Hajiya ke nuna wa mutane, sai ya ji ba zai iya janye maganarsa ba. Hajiya tana kwance tana jin su, hawaye na bin gefen fuskarta. Ta ce su daina rabon laifi, ita ce babba, ita ta mai da kayan ɗaki abin nuna wa unguwa.

Washegari da safe Alhaji ya ce Shamsuddeen ya fito da mota. Aka ce wa Alhaji ya aika Zurmi mana, ko ya kira a waya, hanyar nan ba daɗi a kwanakin nan. Ya ce shi ya aika da wulaƙanci, shi zai kai ban haƙuri da ƙafarsa.

Muhtari na kan wani rufi yana ɗaura faifan sola aka ce masa ga surukinsa a ƙofar gidansu. Ya sauko da sauri, ya tsugunna nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Da ya ji abin da ya faru, abin da ya fara tambaya shi ne jikin Hajiya. Alhaji ya fara ba shi haƙuri, Muhtari ya roƙe shi ya bari. Ya ce shi ma yana da nasa kuskuren, bai kamata ya gaya wa yarinya irin wannan magana tana tsakiyar murna ba, da ya yi shiru ya nemi Yaya Shamsuddeen tun farko. Shamsuddeen ya miƙa masa hannu.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo Kaura. Fauziyya ta fito zaure ta zauna a can gefe, ta ja mayafi har ya rufe mata fuska. Ta tambaye shi abin da ya hana shi ƙaryata ta.

"In na ƙaryata ki gaban Baba," ya ce, "da wane ido za ki shigo gidana? Na san za ki faɗi da kanki. Abin da ban so ba shi ne ya kai ga hannun Hajiya."

Ta fashe da kuka, ta roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, amma yana da roƙo ɗaya: nan gaba in ya faɗi abin da bai mata daɗi ba, ta yi faɗan da shi, kada ta kai wa wani.

Hajiya Larai da kanta ta ce ba za a sake sayen ko cokali mai amfani da wuta ba sai da Muhtari. Ranar da suka je shagon Wilfred, hannunta na rataye a wuya, kunya ta sa ta yi ta gyara mayafi, Muhtari ma yana tafe a baya-baya. Juliana, matar Wilfred, ita ta tarbe su. Ta tambayi irin ruwa da wutar da ke gidan da za a kai amarya kafin ta nuna musu komai. Suka tsaya a kan wani ɗan madaidaici mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, jikinsa roba, ana zuba masa ruwa da bokiti, kuma solar gidan Muhtari za ta ɗauke shi. Muhtari ya nuna wa Fauziyya inda ake karanta ƙarfin wuta, ya sa ta karanta da bakinta. Aka buɗe kwalin a gabansu, aka zuba ruwa aka gwada, Juliana ta rubuta rasit da garantin shekara guda. Da suka koma gida Fauziyya ta zazzage sauran kayan da aka sayo daga iyaka ta bi su ɗaya-ɗaya. Ta ware wata butar dafa ruwa mai siririyar waya, da mayukan shafawa biyu da ba su da ranar lalacewa ko lambar hukuma, ta ce ba za su bi ta Zurmi ba.

An ɗaura aure wata guda bayan ranar da aka sa da farko. Wajen jere wata ƙawarta ta dubi ɗan injin ta taɓe baki, ta tambayi ina wancan babban na hoto. Fauziyya ta ji kunyar ta taso mata, amma wannan karon ba ta nemi wanda za ta ɗora wa ba. Ta zaunar da ita ta ba ta labarin duka, har da ƙaryar da ta yi.

Kayan gida ba don idon maƙwabta ake sayensu ba, don waɗanda za su taɓa su kullum ne, saboda haka a duba, a tambaya, a gwada kafin a kai gida. Kuma duk wanda ya gaya maka gaskiya a lokacin da kake son yabo, ka saurare shi, shi ne mai ƙaunarka. Fauziyya ta gane haka a makare, amma Allah ya haɗa ta da mai haƙurin da ya tsaya ya jira ta.