Ƙurajen Bishiyar Kaka Zulmira

A wata unguwa ta kan tudu a birnin Belo Horizonte na ƙasar Brazil, an yi wata yarinya mai rawar kai. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Amma in ta koyi abu da safe, to da yamma ta zama malama.

Gidansu a matse yake tsakanin dogayen benaye. A gefensa akwai ɗan fili, da bishiyar jabutikaba guda ɗaya, wani icen ƙasar mai 'ya'ya masu zaƙi. Kakarta Zulmira ce ta shuka ta, da irin da ta ƙullo a hankici daga ƙauyensu. Shekara goma sha uku ke nan, bishiyar ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba.

Baban yarinyar ya gaji, don motarsa a titi take kwana.

"Mama, bana ce ta ƙarshe," ya ce wa Kaka. "In Kirsimeti ta zo ba ta yi 'ya'ya ba, za a sare ta mu yi gareji."

"Kai ma sai da ka shekara talatin kafin ka yi abin kirki," in ji Kaka. "Wa ya sare ka?"

Baba ya yi dariya, amma bai janye maganarsa ba.

Wata Juma'a, Malama Cleide ta kai 'yan aji wurin bishiyar lemun tsami ta makaranta. Ta nuna musu wasu ƙananan ƙwari da suka manne a reshe kamar ƙuraje.

"Waɗannan suna tsotse ruwan bishiya," ta ce. "Da buroshi da ruwan sabulu ake wanke su."

Washegari Kaka ta tafi kasuwa. Yarinyar ta fita shanya kaya, sai idonta ya kai kan jabutikaba. Ai kuwa ga ƙuraje nan koraye, birjik a jikin bishiyar, tun daga ƙasa har sama.

"Ashe ciwo ne ya hana ki haihuwa," ta ce. "Yau kin gamu da likita."

Ta ɗauko buroshin wanki da bokiti. Ta dirje ƙasa, ta taka tsani ta dirje sama. Ba ta bar ko ɗaya ba.

Da Kaka ta dawo, yarinyar ta tarye ta da murna, ta ja ta zuwa filin. Kaka ta kalli bishiyar, ta kalli kumfar da ke ƙasa. Jakar cefane ta suɓuce mata, tumatir ya watse. Ta zauna a kan matakala.

"'Yar nan, ba ƙwari ba ne," ta ce a hankali. "Fure ne yake shirin fitowa."

"Fure a jikin itace? Ai a bakin reshe yake fita, Kaka."

"Wannan ba irin sauran ba ce. A jikinta take fure, a jikinta take 'ya'ya. Shi nake jira tun kafin a haife ki."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da yamma ita da kanta ta faɗa wa Baba abin da ta yi.

"Na ji daɗi da ba ki ɓoye ba," in ji Baba. "Amma na riga na yi magana da magini. Wa'adin Kirsimeti yana nan yadda na ce."

Ta koma wurin Kaka.

"Akwai abin da zan iya yi?"

"Yau kuma tambaya ake yi?" Kaka ta harare ta, sannan ta sassauta. "Jabutikaba mayyar ruwa ce. In gindinta bai bushe ba, wani lokaci takan sake fure. Ban yi miki alkawari ba."

Daga ranar, bokiti uku da safe, uku da yamma. Hannunta ya yi kanta. Maƙwabcinsu, tsoho Valdomiro, yakan leƙo ta katanga.

"Likita, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi," takan ce, kunya kamar ta kashe ta.

Bayan mako bakwai ƙurajen suka dawo. Yarinyar ta duba su, hannayenta a baya.

Wata safiya wani irin ƙugi ya tashe ta, ga kuma ƙamshi ya cika ɗaki. Ta fita ko takalmi babu. Sai ta tsaya cak.

Jikin bishiyar ya ɓace. Daga ƙasa har rassa farin fure ne sol, kamar an lulluɓe ta da auduga. Ƙudan zuma ɗaruruwa suna shawagi. Daga ina suka zo, a birnin da babu komai sai siminti da hayaƙin mota? Wa ya gaya musu?

Baba ya fito da kofi a hannu. Ya tsaya har kofin ya huce.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe abin da na so in sare ke nan."

A ranar ya buga wa magini waya, ya ce a bar zancen gareji.

Bayan wata guda, 'ya'ya suka nuna, baƙaƙe wuluk kamar ɗinya, suna ƙyalli a manne da itacen. Yaran benaye suka cika filin. Yarinyar ta tsinko na farko ta miƙa wa Kaka. Kaka ta fasa shi a baki, ta lumshe ido, hawaye ya gangaro mata.

"Haka na gidanmu yake," ta ce. "Sak."

Sannan ta jawo jikarta jikinta.

"Niyyarki mai kyau ce, amma niyya ba ta isa ba. Abin da ba ki sani ba, ki tambaya kafin ki taɓa. Matambayi ba ya ɓata."

"Na ji, Kaka. To, ƙwallon fa? A haɗiye ko a tofar?"

"Ki ajiye shi," in ji Kaka. "Ke ma ki shuka taki."