Kan Doyar da Ban Mayar Ba

Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya matsa wa garin Gaya da aikin hanya, gwiwoyin Innata suka kumbura, ko bakin ƙofa sai na ɗauke ta. Na'Allah mai magani ya duba, ya ce doyar daji ce maganin.

"A jiƙa ta kwana uku a ruwa mai gudu, dafin ya fita. Kuma kai Alfari, in ka tono, yanke kan ka mayar ramin ka rufe. Tana da masu ita."

"To masu ita su zo su goya Inna mana," na ce. Bakina ke nan tun fil azal.

Gardi, dogarin kumandan, ya riga ya gaya mini gobe da asuba ina cikin masu fasa dutse. Yamma ɗaya gare ni. Na bi hanyar Bengou, na ga yaɗon doyar ya nannaɗe wani busasshen marke. Na tona har gwiwar hannu, rana ta yi ja. Doyar 'yar mitsitsiya. In na yanke kan, me ya rage wa Inna? Na cusa ta duka a jaka.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali wata biyu ba ruwa.

Ƙas. Ƙas. Ƙarar gwiwa, irin ta Inna in ta motsa.

Wata tsohuwa ce durƙushe a bakin ramin, hannunta ciki, tana lalube.

"Ɗan nan," ta ce da raɗa. "Ina kan?"

"Je ki tambayi kumandan!"

Ta miƙe. Ta ci gaba da miƙewa har ta wuce marken.

Na zura da gudu. Ƙas, ƙas, dab da ƙeyata, har na jiyo kiran magariba daga Gaya. Sai shiru.

Na ba ƙanwata Kadija doyar, na ce kwana uku a kogi. Da asuba gardi ya tafi da ni.

Bayan wata huɗu na dawo. Na'Allah bai yi ƙarya ba, Inna na tafiya. Kullum rana ta yi ja sai ta kama hanyar Bengou, ba sanda, mu biyu ba ma iya riƙe ta. Mukan same ta durƙushe a bakin ramin, farce duk jini, tana lalube.

Kawunan doyar da na yi ta tonowa ina binnewa a ramin nan don in biya sun fi ashirin. Ko ɗaya bai tsiro ba. Kumandan ya sami hanyarsa ya koma garinsu. Inna kuwa har ta rasu ba ta sake kiran sunana ba.

"Ɗan nan," take ce mini. "Ina kan?"